Nat King Cole: Murya Ta Shiga Gida, Mai Ita Yana Bakin Ƙofa

Kafin shekarar 1925, duk mawaƙin da zai ɗauki faifai sai ya tsaya gaban wani ƙaton mazurari ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, domin ƙarfin sautin ne kaɗai ke motsa allurar da ke zana waƙar. Mai sanyin murya ba shi da rabo. Da makirufo mai aiki da lantarki ya shigo, sai wani sabon salo ya ɓullo a Amurka: mawaƙi ya matso daf da na'urar, ya sassauta murya, ya rera kamar mai yi wa mutum ɗaya raɗa. Bing Crosby ya ci moriyar wannan salo, Frank Sinatra ya biyo baya. Amma a ganinmu, babu wanda rayuwarsa ta nuna iyakar abin da makirufo zai iya yi wa mutum kamar Nat King Cole.

An haife shi a Montgomery ta jihar Alabama a 1919. Yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa Chicago, inda mahaifinsa ya riƙe wani coci, mahaifiyarsa kuma ta fara koya masa kiɗa. Da kiɗan piyano ya tashi, yana bin sawun Earl Hines, kuma masana jaz har yau suna lissafa shi cikin gwanaye. A 1937 ya kafa ƙungiyar mutum uku a Los Angeles: shi a piyano, Oscar Moore a gita, Wesley Prince a bas. Babu mai ganga. A zamanin da ƙungiyoyi masu makaɗa goma sha wani abu ke tashe, wannan ya zama baƙon abu, amma daga baya manya irin su Oscar Peterson suka ɗauki tsarin.

Waƙar da ta fara fito da shi sosai ita ce "Straighten Up and Fly Right" ta 1943, kuma tushenta tatsuniya ce da mahaifinsa kan kawo cikin wa'azi. Ungulu ta ɗauki biri a bayanta da sunan yawon shan iska, alhali nufinta ta jefo shi ƙasa ta samu kalaci. Biri ya gane, ya shaƙe mata wuya, dole ta miƙe hanya. Duk wanda ya tashi da labaran Gizo ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙi.

Daga 1946 al'amura suka sauya. Ya ɗauki "The Christmas Song" da ƙungiyarsa ta mutum uku, bayan 'yan watanni ya sake ɗaukarta da gogen Turawa a bayansa, kuma ta biyun ce ta karɓu. "Nature Boy" ta zo a 1948, waƙar wani mai dogon gashi da gemu da ake kira eden ahbez, wanda ya ƙi yarda a rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. "Mona Lisa" ta 1950 ta ci lambar Oscar ta waƙar fim. A 1951 aka samu "Too Young" da "Unforgettable". Kamfanin Capitol ya samu kuɗi da shi har mutane suka riƙa kiran zagayayyen benensa na Hollywood, wanda aka gama a 1956, gidan da Nat ya gina.

Masoya jaz sun ce ya sayar da baiwarsa, ya bar piyano ya koma waƙar soyayya don kasuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, domin wasu waƙoƙin na baya zaƙinsu ya yi yawa. Sai dai wanda ya kasa kunne zai ji makaɗin bai tafi ko'ina ba, ya koma cikin muryar ne. Yakan jinkirta kalma kaɗan bayan bugun kiɗa, sannan ya ajiye ta daidai inda yatsa zai sauka a piyano. Ba ya haɗiye harafi, ba ya ihu, muryar ma ba ta da faɗin hawa da sauka irin na mawaƙan opera. Da a zamanin mazurari ya zo, da wuya a san shi da waƙa.

Faifai da rediyo sun kai wannan murya falon fararen fata a duk faɗin Amurka, har da jihohin kudu inda doka ta hana shi kwana a otal ɗaya da masu saurarensa. Murya ba ta da launi a cikin akwatin rediyo. Rigima takan tashi ne idan mai muryar ya bayyana da kansa. A 1948, shekarar da "Nature Boy" ke kan gaba a kasuwa, ya sayi gida a unguwar Hancock Park ta Los Angeles. Maƙwabta suka yi ca, suka nemi ya tashi, wasu suka ƙona kalmar zagi a kan ciyawar ƙofar gidansa. Bai tashi ba. A shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa kotuna ba za su tilasta bin yarjejeniyar hana baƙar fata sayen gida ba.

Ranar 10 ga Afrilu, 1956, yana waƙa a Birmingham, a jiharsa ta haihuwa, gaban taron fararen fata zalla, wasu mutane suka haura dandamali suka kayar da shi. Abin takaici, bayan harin ya sha suka daga nasa. Jaridun baƙar fata da wasu jagororin fafutuka suka ce me ya kai shi yi wa taron wariya waƙa tun farko, ga shi kuma maganganunsa bayan harin sun yi laushi. Muna ganin sun faɗi gaskiya, kuma sun tsananta. Mutumin da sana'arsa gaba ɗaya ta ginu a kan tausasa murya ba zai koyi tsawa a dare ɗaya ba. Daga baya ya zama ɗan ƙungiyar NAACP na dindindin.

A watan Nuwamba na wannan shekara gidan talabijin na NBC ya ba shi shirin kansa, da farko na minti 15, daga baya minti 30. Manyan taurari irin su Ella Fitzgerald da Harry Belafonte da Peggy Lee sun halarta. Duk da haka babu babban kamfani ko ɗaya da ya yarda ya ɗauki nauyin shirin a faɗin ƙasa, don tsoron ɓata wa masu sayayya na kudu rai. Shirin ya tsaya a Disamban 1957. Shi da kansa ya ce 'yan tallan Madison Avenue tsoron duhu suke yi. Mutanen da ke sayen faifansa miliyoyi ne, amma talabijin na nuna fuska.

Ya ci gaba da aiki. A 1958 ya fitar da kundi cikin Sifaniyanci, harshen da ba ya ji, yana haddace lafazin gaɓa-gaɓa, kuma ya karɓu ƙwarai a ƙasashen Latin Amurka. Ya rasu ranar 15 ga Fabrairu, 1965, sakamakon sankarar huhu, yana da shekara 45. Ya daɗe yana shan taba sosai.

Mu da muke aikin manhaja mun saba yanzu da na'urar da ke zare murya daga cikin kiɗa a 'yan daƙiƙoƙi, har ma ta kwaikwayi muryar mamaci. Muryar Cole na cikin waɗanda aka fara yi wa irin wannan aiki a bainar jama'a. A 1961 ya sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsa da na'urorin zamani. Shekara 30 bayan haka injiniyoyi suka ɗauko muryarsa daga "Unforgettable" ta 1961, suka haɗa da ta 'yarsa Natalie, wadda ba ta wuce shekara 15 ba lokacin da ya rasu, suka zama kamar suna amsa wa juna. Waƙar da kundin da ke ɗauke da ita suka lashe manyan lambobin Grammy a 1992, aka kuma nuna hoton bidiyonsa a talabijin a duk faɗin Amurka, tare da tallace-tallacen manyan kamfanoni kafin shirin da bayansa.