Lawashi da Gabu: Tarihin Ganyen da Muke Zubarwa



Duk wanda ya shiga kasuwar kayan gwari a Jimeta lokacin kakar albasa ya san abin da za mu faɗa. Ana sauke albasa, ana yanke ganyenta ana watsarwa gefe, awaki su ci wanda suka ci, saura ya ruɓe. Wannan ganyen shi ne lawashi, kuma da shi kakanninmu suke yin gabu, wanda yau da yawa daga cikin 'ya'yanmu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihinsa.

Albasa baƙuwa ce a ƙasar nan, sunanta ma ya nuna haka, domin daga Larabci muka aro shi, wato "al-basal". Masana tsirrai sun ce asalinta daga tsakiyar nahiyar Asiya ne. Mutanen Masar sun noma ta tun zamanin Fir'aunoni, kuma an ambace ta a Suratul Baƙara, aya ta 61, cikin abincin da Bani Isra'ila suka nema. Ta hanyoyin fatauci na Sahara ta iso mana, ta samu fadamun ƙasar Hausa da Borno ta zauna. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya yaba girman albasar Gwandu da kyanta sa'ad da ya sauka garin a 1853.

Shi dai wannan Barth ya zo Yola a watan Yunin 1851, shekara goma bayan Modibbo Adama ya kafa garin a 1841. Kwanaki kaɗan ya yi Lamiɗo Lawal ya sallame shi. A wancan zamani fatake daga Kano da Katsina da Borno suna ta zirga-zirga zuwa Fombina, suna kawo tufafi da kanwa da sauran haja, suna komawa da hauren giwa. Tafiya ce ta makonni a ƙasa da kan jakuna. Ɗanyar albasa tana da nauyi, tana kuma ruɓewa in ta ji danshi. Guzurin matafiyi kuwa sai abu mara nauyi mai jure hanya, irin su kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Gabu yana cikin wannan sahu.

Yadda ake yin sa babu wuya. A wanke lawashi, a daka shi a turmi har ya yi laushi, a dunƙula, a shanya a rana ya bushe ƙarau. In an tashi miya sai a ɗan soya shi ko a gasa, a daka tare da kayan ƙanshi. Dunƙule ɗaya ya isa ya tayar da tukunyar miyar kuka, kuma yana yin watanni a ajiye, har cikin damina lokacin da albasa take tsada. Har gobe a Jamhuriyar Nijar, inda albasar Galmi ta yi suna, mata suna sana'arsa.

Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumbar 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, sai Jimeta ta bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa da mazaunin ma'aikata. Jama'a suka taru daga ko'ina, unguwanni suka cika, buƙatar kayan miya ta ƙaru. Idan Binuwai ya janye bayan damina yakan bar ƙasa mai laka da danshi, a nan masu lambu suke dasa albasa, wadda 'yan uwanmu Fulani suke kira tinyeere. Da jigo da ƙwarya ake ban ruwa a da. Daga baya aka kafa Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama a 1976, mai hedkwata a Yola, wadda take kula da noman rani na tafkin Geriyo, sannan injinan ban ruwa suka yawaita. Noma ya ƙaru, amma hankali ya koma kan buhu, domin shi ake lodawa a mota a kai Kudu. Ganye ya zama shara. A ɗakin girki kuma dunƙulen kanti ya ture gabu da daddawa gefe.

To me muke zubarwa? Hausawa suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma masana sun gano dalili. Albasa da tafarnuwa da danginsu suna zuƙar sinadarin farar wuta daga ƙasa, su adana shi a jikinsu, har da ganyen. Muddin ba a yanka ba, warin ba ya tashi sosai, domin sinadarin yana ɓangare guda, abin da yake kunna shi yana wani ɓangaren. Da wuƙa ko taɓarya ta fasa su sai su haɗu, nan take ƙanshi da yaji su fito. A 1944 wani masani a Amurka, Chester Cavallito, ya ware sinadarin alisin daga tafarnuwa, wanda shi ne tushen warinta. A 2002 masu bincike a Japan suka gano abin da yake haɗa tururin da ke sa mu hawaye in muna yankan albasa. Iyayenmu mata ba su san waɗannan sunaye ba, amma dakan da suke yi wa lawashi shi ne yake buɗe ƙanshin, suyar kuma ta kashe kaifinsa ta bar mai daɗin.

Ta fuskar gina jiki, ganyen ya fi ƙwallon a abubuwa da dama. Bisa ƙididdigar Ma'aikatar Noma ta Amurka, giram 100 na albasa mai lawashi yana da kusan miligiram 19 na bitamin C, ƙwallon albasa kuwa kimanin 7. Kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi kusan 72 ne a mai lawashi, 23 a ƙwallo. Sinadarin ƙarfe da jini yake buƙata ya ninka wajen sau bakwai. Koren ganyen yana ɗauke da abin da jiki yake juyawa zuwa bitamin A, mai taimakon ido, da bitamin K mai yawa, wanda yake taimaka wa jini ya daskare in an ji rauni. Waɗannan biyun kusan babu su a ƙwallon. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da nama ya yi wa tsada.

Sai dai mu faɗi gaskiya, gabu ba daidai yake da ɗanyen lawashi ba. Rana da wuta suna cinye yawancin bitamin C, suna rage na A, amma kalsiyam da sinadarin ƙarfe suna nan. Don haka lokacin da lawashi yake arha a ci shi ɗanye a kwaɗo, ko a zuba a miya da fate dab da saukewa, rarar kuma a mayar gabu. A wanke shi sosai da ruwa mai tsabta. Manoma su kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin maganin feshi kafin su cire ganyen sayarwa, kuma kada a aske lawashi albasa ba ta ƙosa ba, domin ganyen ne yake ciyar da ƙwallon. Wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini ya nemi shawararsa kafin ya yawaita ci. Lawashi abinci ne, ba ya maye gurbin asibiti.

Abin da ke gabanmu shi ne, masu wannan sani tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke yi. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna mana yadda gonakin bakin kogi suke salwanta cikin kwana kaɗan, kayan miya su yi tashin gwauron zabo. Gidan da yake da busasshen tanadi shi ya fi samun sauƙi a irin wannan lokaci. Muna roƙon duk mai kaka ko gwaggo a Limawa, Rumde, Luggere, Nassarawo ko cikin Yola da ta iya gabu, ya zauna da ita kafin albasar bana ta wuce, ya sa 'yan mata su koya da hannunsu. Wanda ya ji wani abu daga bakin dattawa game da lambunan bakin Binuwai na da, ya kawo mana mu rubuta mu adana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu.

Sakataren Ƙungiya