Fadar Himeji: Ginin Katako da Ya Tsallake Gwanjo, Bam da Girgizar Ƙasa

 A wannan makon za mu leƙa garin Himeji da ke yankin Hyogo a ƙasar Japan, inda wata fada mai ganuwa ta shafe fiye da shekara 400 a tsaye. Japanawa na yi mata laƙabi da Fadar Farar Balbela, saboda farin shafen bangonta da rufinta mai kama da tsuntsu ya buɗe fukafukai.

A 1333 wani jarumi, Akamatsu Norimura, ya kafa sansanin yaƙi a kan tudun. A 1581 Toyotomi Hideyoshi ya ɗora hasumiya mai hawa uku. Bayan yaƙin Sekigahara na 1600, Tokugawa Ieyasu ya ba mijin 'yarsa, Ikeda Terumasa, wannan yanki, shi kuma ya sake gina fadar daga 1601 zuwa 1609. Ginin nasa ne ake gani a yau.

Don yaƙi aka tsara komai nata. Hanyar shiga tana ta karkacewa daga ƙofa zuwa ƙofa, maharin da ya ɗauka ya kusa hasumiya sai ya ga hanya ta juya da shi. A jikin bango akwai ƙananan kafofi, wasu zagaye, wasu masu kusurwa uku ko huɗu, na harba bindiga da kibiya. Farin shafen nan ma kariya ce daga wuta. Daga waje hasumiyar hawa biyar ce, a ciki kuwa hawa shida ne da ɗakin ƙasa. Duk da wannan shiri, ba a taɓa gwabza babban yaƙi a cikinta ba. Haɗarin da ya kusa cin ta daga baya ya zo.

Na farko shi ne canjin zamani. Da gwamnatin Meiji ta soke mulkin sarakunan gargajiya a 1871, fadoji suka zama kayan da ba mai so. Dokar 1873 ta sa aka rushe da yawa. Ana ba da labarin cewa an yi gwanjon Himeji a kan yen 23 da rabi, mai sayen ya fasa rushe ta da ya ga kuɗin aikin. Abin da ke rubuce shi ne, a 1878 Kanal Nakamura Shigeto ya roƙi shugabannin soja a adana ta, kuma aka amsa. Na biyu, a watan Yulin 1945 jiragen Amurka sun ƙone yawancin garin Himeji, fadar ta tsira. Na uku, girgizar ƙasar Kobe ta 1995, wadda ta hallaka fiye da mutum 6,000, ba ta kayar da ita ba.

Amma sa'a kaɗai ba ta riƙe katako shekara ɗaruruwa. Daga 1956 zuwa 1964 an kwance hasumiyar an sake haɗa ta, an sauya abin da ya ruɓe. An sake gyaran rufi da shafe daga 2009 zuwa 2015. A 1993 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Ga matafiyi mai ƙaramin guzuri, nan zaɓi yake. Hasumiyoyi 12 kacal na asali suka rage a Japan. Ta Osaka da kankare aka sake gina ta a 1931. Ta Nagoya ta ƙone a 1945, aka sake ta a 1959. Wanda kuɗinsa na fada ɗaya ne, Himeji ce za ta nuna masa ainihin itacen da samurai suka taka. Jirgin ƙasa na talakawa daga Osaka kimanin awa ɗaya ne, ba sai an hau mai tsada ba. Daga tasha ana hango fadar, tafiyar ƙafa ce ta kamar minti ashirin. Babban filin gabanta kyauta ne, shiga ciki ne ake biya. A ciki ana cire takalmi, matakalar tana da tsayi da matsi, ɗakunan kusan babu kaya.

Mu da muke son rubuta tarihi, akwai abin dubawa a sakin layin gwanjon nan. Labarin yen 23 ya fi daɗin ji, shi ya sa muka ce «ana ba da labari». Roƙon Nakamura kuwa muka ba shi shekara da suna. In muka haɗa su a ma'auni ɗaya, mai karatu zai kwashi jita-jita a matsayin tarihi, kuma da sunanmu zai yaɗa ta. Haka kuma in muka ɗora labari a wata fada, mu fara tambaya: ginin na asali ne ko sake shi aka yi, kuma yaushe? Amsar ce za ta gaya mana ko jaruminmu katako yake takawa ko kankare.

Sai mako mai zuwa.