Tarihin Miksa, Na'urar Haɗa Sauti

Masu sauraro sun tambaye mu yadda ake yi muryar mawaƙi ta fito sama da ganga. To jama'a, kafin 1925 ba a ɗaukar faifai da makirufo. A bakin wani ƙaton mazurari ake waƙa, mawaƙi ya matso kusa, makaɗi ya ja baya. Da lantarki ya shigo aka ƙera miksa, kowane sauti da maɓallin ƙara shi ko rage shi. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar da Cubase VST, manhajar kwamfuta mai miksa a cikinta. Saboda haka, ɗan kasuwa, in ka biya a yi maka waƙar talla, saurara kafin ka karɓa. In kiɗa ya danne murya, kuɗinka sun tafi a banza.