Daga Littafin Magatakarda zuwa Manhaja: Tarihin Rajistar Ƙungiyoyi a Fagge da Sabon Gari

Fagge da Sabon Gari unguwanni ne biyu da ke maƙwabtaka da juna a wajen ganuwar birnin Kano, kuma ko da yake ɗaruruwan shekaru ne suka raba kafuwarsu, dukkansu saboda baƙo aka kafa su. Mutumin da ya bar garinsu ya sauka inda ba shi da dangi yana bukatar wanda zai tsaya masa idan ya nemi bashi, ya duba shi idan ya kwanta ciwo, ya yi masa sutura idan ta Allah ta kasance, kuma daga wannan bukata ne yawancin ƙungiyoyin unguwannin biyu suka samo asali. Abin da ba a cika mayar da hankali a kansa ba cikin tarihin waɗannan ƙungiyoyi shi ne rajista, wato kundin da ake rubuta sunayen mambobi da abin da kowa ya biya, alhali kuwa duk wanda kundin yake hannunsa shi ke da ikon faɗin wane ne ɗan ƙungiya, wa ya cancanci taimako, wa kuma zai jefa ƙuri’a ranar zaɓen shugabanni.

Fagge ta girmi wannan al’ada ta rubutu nesa ba kusa ba. Masana tarihin Kano suna danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, a matsayin zangon da ayarin Azbinawa da sauran fatake ke sauke raƙumansu da gishiri da dabino kafin a shiga da kaya kasuwar Kurmi. Tsarin da ya riƙe cinikin wannan zamani shi ne na fatoma, wato maigidan da ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sannan ya lamunce masa idan aka sayi kayansa bashi. A cikin gari kuma kowace sana’a tana ƙarƙashin mai sarautarta, kamar Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, kuma ba a bukatar kati kafin a san ɗan sana’a, domin gado da koyo a hannun maigida su ne shaidarsa. Malamai sukan rubuta bashi da wasiƙun ciniki da Larabci ko da ajami, amma jerin mutanen da ke cikin tsarin yana cikin ƙwaƙwalwar maigida da shaidunsa ne. Haka nan adashi ya daɗe yana tafiya: uwar adashi ta san mai zubi, ta san wanda kwasa ta zo kansa, ba tare da ta riƙe alƙalami ba.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma a wajajen 1913 Turawan mulkin mallaka suka yanka filin Sabon Gari domin akawuna da leburorin reluwe da ’yan kasuwar da suka zo daga kudancin Nijeriya, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Ghana a yau. An tsara unguwar layi-layi, kowane fuloti da lambarsa, aka kuma ajiye ta a ƙarƙashin jami’in Bature maimakon Sarkin Kano, har zuwa 1940 lokacin da aka mayar da ita hannun En’e. Mazaunanta da yawa sun yi makarantar mishan, suna aikin rubuta lissafi a kamfanonin sayen gyaɗa da ofisoshin gwamnati, saboda haka da suka tashi kafa ƙungiyoyin ’yan gari ɗaya sai suka ɗauko salon ofis gaba ɗayansa: shugaba, sakatare, ma’aji, tsarin mulki a rubuce, kuɗin wata-wata, tarar makara da ta fashin taro, da kuma littafi mai layi wanda ake kiran suna daga cikinsa. Ƙungiyar mutanen ƙauye ɗaya takan shiga ƙarƙashin ta gunduma, ita kuma ta shiga ƙarƙashin babbar ƙungiyar ƙabila, irin su Ibo State Union wadda ta samu wannan suna a 1948, da Egbe Omo Oduduwa ta Yarbawa wadda aka ƙaddamar a Ile-Ife a wannan shekarar. Da irin wannan karo-karo aka gina makarantu da ɗakunan taro a Sabon Gari, aka biya wa yara kuɗin karatu, aka kuma riƙa mayar da gawa gida, wanda ga Ibo musamman babban al’amari ne, kuma wanda sunansa bai cika a littafi ba iyalinsa sukan gane kurensa a wannan rana.

Dokokin mulkin mallaka sun ƙara wa littafin nauyi, domin dokar 1924 da ta ba ƙungiya damar mallakar fili ta hannun amintattu, da dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1935, da ta ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938, duk sun ɗora samun amincewar hukuma a kan takardu. Amintattu su ne mutanen da ake rubuta dukiyar ƙungiya da sunansu a madadin kowa, ta yadda mutuwar ɗayansu ba za ta mayar da filin ƙungiya gadon ’ya’yansa ba.

Fagge ce gadar da wannan salo ya bi ya shiga rayuwar Hausawa, kuma siyasa ce ta ɗauko shi. Unguwar ta cika da matasa ’yan kasuwa da teloli da direbobi da ma’aikatan kamfani waɗanda suka fito daga sassan Arewa, suna cuɗanya da mutanen Sabon Gari a kasuwa da wurin aiki, ba su kuma da kusanci da fada irin na mutanen cikin birni. A ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka kafa jam’iyyar NEPU a Sabon Gari, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, kafin Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Jam’iyyar talakawa ce da ba ta da baitulmalin En’e a bayanta, don haka sayar da katin shaida da tara kuɗin mambobi sun zama jigon rayuwarta. Sai dai a nan ne fuska ta biyu ta rajista ta bayyana, domin a zamanin da kotunan alƙalai ke ɗaure ’yan NEPU, ’yan dabar da ake kira ’yan Mahaukata kuma suna farautarsu a titi, jerin sunayen ’yan reshe abu ne da ke iya jefa mutane cikin wahala idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Littafin da ya tabbatar wa mamba haƙƙinsa shi ne kuma zai iya tona masa asiri.

Rikicin Mayun 1953, wanda aka gwabza a kan iyakar Fagge da Sabon Gari, hukuma ta ce ya ci rayuka 36, sannan kashe-kashen 1966 suka sa Ibo suka fice daga Kano kusan baki ɗayansu. A watan Mayun 1966 ɗin gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta riga ta rushe jam’iyyun siyasa da ƙungiyoyin ƙabilu da doka. Littafin da ke ajiye a ɗakin sakatare ba shi da wata kariya da ta wuce ta ɗakin kansa, kuma waɗanda suka dawo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 sun sake gina ƙungiyoyinsu da sababbin sunaye, suna kiransu na jin daɗin al’umma ko na ci gaban gari, domin kauce wa kamannin siyasa. A ɓangaren Hausawa kuwa shekarun da suka biyo baya sun ga yawaitar ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu gyaran magudanar ruwa da maƙabartu, da ƙungiyoyin ’yan kasuwa a Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari, inda kowane layi ko kowane nau’in kaya ke da shugabansa da rasit ɗinsa. Dokar kamfanoni ta 1990, wadda ta kafa hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta tattara rajistar amintattu wuri ɗaya, sabuwar dokar 2020 kuma ta ƙara tsaurara sharaɗin ajiye lissafi. Raunin takarda dai bai canja ba, kamar yadda gobarar da ta laƙume dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta nuna wa duk wanda ke ajiye kundi a cikin shago.

A daidai shekarun nan wani tunani yana girma a wata duniyar daban. A 1983 Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka, bisa ra’ayin cewa manhaja, wato umarnin da ke sa kwamfuta aiki, ya kamata mai amfani da ita ya samu ’yancin karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kuma raba wa wasu, kuma lasisin GPL na 1989 ya mayar da wannan ’yanci sharaɗin doka. Irin wannan manhaja ake kira mai buɗaɗɗen tushe. Daga cikinta aka samu manhajojin sarrafa bayanai, waɗanda ke ba mutumin da bai iya rubuta umarnin kwamfuta ba damar ɗora sanarwa da hotuna da fom a intanet: Drupal, wadda Dries Buytaert ya fitar a Beljiyam a 2001, da WordPress ta 2003, da Joomla ta 2005. A 2005 ɗin ne kuma aka fitar da CiviCRM, wadda aka ƙera musamman domin ƙungiyoyi masu mambobi da waɗanda ba na neman riba ba, ana kuma iya ɗora ta a kan ɗaya daga cikin waɗancan ukun. Aikinta, idan aka duba da kyau, shi ne aikin tsohon sakataren Sabon Gari: tana riƙe sunan mamba da reshensa da ranar shigarsa, tana nuna wanda ya biya da wanda ake bi, tana fitar da rasit, tana tuna wa mutum cewa wa’adinsa ya ƙare. Bambancin da ke da muhimmanci guda biyu ne. Ana iya ba shugaba da ma’aji da mai binciken kuɗi izini mataki-mataki, ta yadda kowa zai ga abin da ya shafe shi kaɗai, sannan ana iya kwafe kundin duka a ajiye a wani wuri da wuta ko tarzoma ba za su kai ba. Tun da kuma babu kamfanin da ke da ikon rufe manhajar, ƙungiya tana iya sallamar wanda ya kafa mata ita ta ɗauko wani, ba tare da ta rasa bayananta ba.

Duk da haka ba ta wannan ƙofa yawancin ƙungiyoyin Fagge da Sabon Gari suka shiga zamanin intanet ba. Wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a 2001, kuma cibiyoyi irin su CITAD da ke Kano sun daɗe suna koyar da ƙungiyoyin farar hula amfani da kwamfuta, amma waɗanda suka fi rungumar WordPress da makamantanta su ne ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi daga waje, domin mai ba da tallafi yana son ganin adireshi da rahoto. Ƙungiyar ’yan atamfa ko ta ’yan gari ɗaya kuwa WhatsApp ta kama, saboda kowa yana da shi a aljihu, yana ɗaukar saƙon murya ga wanda bai iya karatu ba, kuma hoton rasit ɗin banki ya wadatar a matsayin shaidar biya. Dalilan a fili suke: manhajar kyauta ce, amma hayar na’urar da za ta zauna a kai ba kyauta ba ce, sau da yawa ma da dala ake biya, abin da faɗuwar naira tun 2023 ta ƙara wa tsada, tana kuma bukatar mai sabunta ta a kai a kai domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Matsalar da ta fi yawa ita ce matashin da ya kafa wa ƙungiya tsarin ya yi rajistar adireshin da sunansa, ya riƙe kalmar sirri shi kaɗai, idan ya bar gari ko aka ɓata da shi sai komai ya tsaya. Wannan, a gaskiya, tsohuwar matsalar amintattu ce ta 1924 ta dawo, kuma zauren WhatsApp bai tsira daga gare ta ba, tun da mai kula da zauren yana iya cire wanda ya ga dama, tarihin biyan kuɗi kuma yana warwatse a wayoyin mutane.

Dokar kare bayanan jama’a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai tattara sunaye da lambobin waya nauyin samun hujjar tattarawa da kuma tsare abin da ya tara, ta kuma sanya bayanin ƙabila da addini da ra’ayin siyasa da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da rajistar ƙungiyoyin Fagge da Sabon Gari ke bayyanawa game da mutum tun daga zamanin Ibo State Union da NEPU, ko da ba a keɓe musu gurbi a fom ba, domin sunan ƙungiyar kaɗai ya isa ya faɗe su.