Yarjejeniyar Italiya da Libiya kan baƙin haure da fataucin bil'adama

A ranar 2 ga watan Fabrairun 2017 ne firaministan Italiya na lokacin Paolo Gentiloni da shugaban gwamnatin haɗin kan Libiya Fayez al-Sarraj suka rattaba hannu a birnin Rom kan wata takardar fahimtar juna mai ƙunshe da sassa 8 kacal. Manufarta a rubuce ita ce haɗin gwiwa wajen ayyukan raya ƙasa, da tsaron kan iyaka, da yaƙi da ƙaura ta ɓarauniyar hanya da fataucin bil'adama. Duk da ƙanƙantar takardar, da wuya a samu wata yarjejeniya tsakanin wata ƙasa ta Turai da takwararta ta Afirka da ta haddasa ka-ce-na-ce irin nata.

Kafin a shiga tarihin lamarin akwai buƙatar bambanta abubuwa biyu da akan cakuɗa su. A ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta birnin Palermo ta shekara ta 2000, fasa-ƙwaurin mutane shi ne a karɓi kuɗin mutum da yardarsa a tsallakar da shi kan iyaka, alhali fataucin bil'adama shi ne a yaudare shi ko a tilasta masa domin a ci da guminsa, ko ta aikin bauta ko ta karuwanci. Na farkon laifi ne da ake yi wa dokar ƙasa, na biyun kuwa zalunci ne da ake yi wa shi kansa mutumin, wanda doka ta ce a ba shi kariya. A cikin Libiya dai akan fara da na farkon a ƙare da na biyun, domin kuwa wanda ya biya kuɗin mota da hannunsa a Agadez ka iya wayar gari a kulle a wani gida a Sabha, ana buga wa danginsa waya su aiko da kuɗin fansa. Takardar ta 2017 ta jera matsalolin biyu wuri guda, ba tare da ta tanadi wata hanya ta tantance wanda aka yi fataucinsa daga cikin waɗanda aka kama a teku ba.

Tushen dangantakar ya samo asali ne tun zamanin Kanar Mu'ammar Gaddafi. A ranar 30 ga watan Agustan 2008 shi da Silvio Berlusconi suka ƙulla yarjejeniyar abokantaka a Benghazi, inda Italiya ta yi alkawarin kashe dala miliyan dubu 5 cikin shekaru 20 a matsayin diyyar mulkin mallakar da ta fara yi wa Libiya a 1911. Ita kuma Libiya ta amince ta toshe gaɓar tekunta. Gaddafi ya san darajar makamin da ke hannunsa, har ma a lokacin ziyararsa a Rom a watan Agustan 2010 ya nemi Ƙungiyar Tarayyar Turai ta riƙa biyansa euro miliyan dubu 5 a kowace shekara in tana son ya hana 'yan Afirka tsallakawa.

A watan Mayun 2009 jiragen ruwan Italiya suka tare mutane kimanin 200 a kudancin tsibirin Lampedusa, suka kwashe su zuwa Tripoli ba tare da an tambayi ko ɗaya daga cikinsu dalilin baro ƙasarsa ba. 'Yan Somaliya 11 da 'yan Eritiriya 13 daga cikinsu sun shigar da ƙara, kuma a watan Fabrairun 2012 Kotun Kare Haƙƙin Bil'adama ta Turai da ke Strasbourg ta samu Italiya da laifi a shari'ar da aka fi sani da sunan Hirsi Jamaa, ta umarce ta da biyan kowannensu euro 15,000. Hujjar kotun ita ce duk wanda ya hau jirgi mai ɗauke da tutar Italiya ya shiga ƙarƙashin ikonta, saboda haka ba ta da damar mayar da shi inda zai fuskanci azaba.

Wannan hukunci shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya biyo baya. Tun da an hana Italiya mayar da mutane da hannunta, sai aka koma ga tsarin da 'yan Libiya ne za su yi kamun, ita kuma ta ba da jiragen sintiri da horo da kuɗi, tare da tallafin Tarayyar Turai wadda shugabanninta suka yi na'am da shirin a taronsu na Malta kwana ɗaya bayan sanya hannu. Matsin lambar siyasa ya yi wa gwamnatin Rom yawa a lokacin. A 2016 mutane sama da 181,000 ne suka isa Italiya ta teku, 'yan Najeriya ne kuma suka fi yawa da kimanin 37,500. Hukumar kula da ƙaura ta duniya IOM ta ce yawan matan Najeriya da suka sauka ya tashi daga ƙasa da 1,500 a 2014 zuwa kimanin 11,000 a 2016, inda ta yi ƙiyasin cewa kashi 80 cikin ɗari nasu na iya kasancewa waɗanda aka yi safararsu domin karuwanci. Ministan cikin gida Marco Minniti, wanda shi ne ƙashin bayan shirin, ya samu abin da yake nema ta fuskar alƙaluma, domin adadin masu isowa ya sauka zuwa kimanin 119,000 a 2017, sannan kimanin 23,000 a 2018.

Sai dai kuma abin tambaya shi ne ina aka kai waɗanda ba su iso ba. Libiya ba ta sa hannu kan yarjejeniyar Geneva ta 1951 kan 'yan gudun hijira ba, dokarta ta 2010 kuma ta mayar da shiga ƙasar ba da izini ba laifin da ke kai mutum kurkuku. Sashe na 5 na takardar ya ce za a yi aiki da ita bisa mutunta yarjejeniyoyin kare haƙƙin bil'adama da ƙasashen biyu ke ciki, amma bai kafa wani mai sa ido ba. Sansanonin da ake tsare mutanen suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gidan Libiya ne a takarda, a zahiri kuwa da yawa daga cikinsu na hannun ƙungiyoyin 'yan bindiga. A watan Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna hoton bidiyon da ake gwanjon matasan Afirka kan dala 400, lamarin da ya mamaye taron ƙolin Afirka da Turai a Abidjan a ƙarshen wannan wata. Daga nan aka gaggauta kwaso dubban mutane zuwa ƙasashensu, ciki har da Najeriya, kazalika hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa kai wasu Nijar kafin a sama masu mafaka. A watan Yulin 2019 kuma wani harin jirgin sama ya halaka mutane 53 a sansanin Tajoura da ke kusa da Tripoli.

Babu abin da ya fito da sarƙaƙiyar lamarin fili kamar batun Abdurrahman Milad, wanda aka fi sani da Bija, kwamandan masu tsaron gaɓar teku a garin Zawiya. A watan Yunin 2018 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanya shi cikin mutane shida da aka ƙaƙaba wa takunkumi bisa zargin safarar mutane. Daga bisani jaridar Avvenire ta Italiya ta bankaɗo cewa a watan Mayun 2017 mutumin yana cikin tawagar Libiya da ta halarci wani zama da jami'an Italiya a tsibirin Sisili. Wato dai wanda ake tattaunawa da shi kan yaƙi da safarar mutane shi ne wanda ake zargi da sana'ar. An bindige Bija a yankin Tripoli a watan Satumban 2024.

Gwamnatocin Italiya, na hagu da na dama, suna da hujjarsu, kuma ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Sun ce in jiragen roba suka ragu a teku masu nutsewa za su ragu, kuma janye jiki daga Libiya zai bar fagen ne ga 'yan bindiga kawai. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba, wato iskar gas da kamfanin Eni ke turawa daga Mellitah zuwa Sisili ta bututun ƙarƙashin teku. A ziyarar Giorgia Meloni a Tripoli a watan Janairun 2023 an ƙulla cinikin gas na dala miliyan dubu 8 tare da alkawarin ƙarin jiragen sintiri biyar. Watanni biyu bayan haka tawagar binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton cewa akwai ƙwararan dalilai na yarda cewa an aikata laifukan cin zarafin bil'adama a kan baƙin haure a Libiya, tana mai nuni da cewa tallafin Turai ya taimaka wa masu kamun.

Bisa ga dukkan alamu batun haƙƙin ɗan Adam ya fi samun masu sauraro a zauren kotu fiye da teburin shawarwari, ko da yake a can ɗin ma sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A farkon 2024 kotun ƙolin Italiya ta tabbatar da hukuncin da aka yanke wa matuƙin wani jirgin ruwa mai suna Asso 28, wanda ya mayar da mutane 101 Libiya a 2018, bisa dalilin cewa ƙasar ba tudun mun tsira ba ce. Amma a watan Yunin 2025 kotun Strasbourg ta yi watsi da ƙarar wasu 'yan Najeriya da Ghana da suka tsira daga wani hatsari a watan Nuwamban 2017, tana mai cewa jirgin Libiya ne ya yi aikin, saboda haka ba su kasance ƙarƙashin ikon Italiya ba. Kafin nan, a watan Janairun 2025, 'yan sandan Italiya sun kama Usama Najim Almasri a birnin Turin bisa sammacin Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague, wadda ke zarginsa da azabtar da fursunoni a gidan yarin Mitiga, amma bayan kwana biyu aka sake shi, aka mayar da shi Tripoli cikin jirgin saman gwamnatin Italiya.

Sashe na 8 na takardar ya tanadi cewa za ta riƙa sabunta kanta bayan kowace shekara uku, muddin ɗaya daga cikin ɓangarorin bai ba da sanarwar janyewa watanni uku kafin cikar wa'adi ba. Gabanin wa'adin farko gwamnatin Italiya ta ce za ta nemi a yi gyare-gyare domin inganta halin da ake ciki a sansanonin, amma takardar ta sabunta a watan Fabrairun 2020 yadda take, haka kuma aka sake yi a 2023.