Samariyar Dogon Dutsi: Yadda Gayyar Unguwa Ta Shiga Hannun Gwamnati

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi lakwal a ƙasar Arewa ta Nijar cikin shekarun 1980 sun zauna a ajin da ba ɗan kwangila ne ya gina shi ba. Ɗaki ne na tubalin laka, rufin azara, taga kamar ta rumbu, in damina ta yi ƙarfi sai an sake yaɓe. Mutanen unguwa ne suka kwaɓa ƙasar, suka buga tubalin, suka ɗora ginin, gwamnati ta aiko da mushe da allo. Ajin samariya ake ce masa. Yau in ka ambaci kalmar a Dogon Dutsi, dattijo zai gyara zama, saurayi kuwa zai ɗauka kana nufin tsohon filin da ake biki a cikinsa.

Samariya ba ta da ranar haihuwa, don ta girmi takarda a wannan ƙasa. A Arewa, kamar sauran ƙasar Hausa, kowane rukuni na jama'a da sarkinsa: manoma da sarkin noma, maƙera da sarkin maƙera, mahauta da sarkin fawa. Ƙasar da Sarauniya ke zaune a Lugu, Baura a Bagaji, Sarkin Arewa a Matankari, ba ta rasa wurin da za ta ajiye samarinta ba. Su ma aka ba su sarki. Sarkin samari shi ke kiran gayya in gonar wani ta fi ƙarfinsa, shi ke shirya dandali da kokowa bayan kaka, shi ke sauke samarin wani gari in sun zo wasa, ya rarraba su gida-gida a ci da su. Ƴan mata su ma da tasu shugabar. Wanda aka kira gayya ya noƙe, tararsa goro ce, amma abin da ya fi goron ciwo shi ne ranar da tasa buƙatar za ta taso ya buga ganga ba wanda ya fito.

Nasara ya shigo da wuta. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu, a 1906 kuma Faransawa suka kafa barikinsu a Dogon Dutsi, garin ya fara shan gaban Matankari. Daga nan har 1946, lokacin da aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, talaka ya koyi bambanci tsakanin aikin da ake yi da kiɗa da wanda ake yi da bulala. Samari kuwa suka mai da abin wasa: cikin ƙungiyoyinsu aka fara naɗa gwamna da kumandan da likita, ana kwaikwayon tafiyar masu mulki da tsawarsu a dandali. Da siyasa ta zo, jam'iyyun RDA da Sawaba kowacce ta nemi samari su zama nata. Bayan an haramta Sawaba a 1959, RDA, jam'iyyar Jori Hamani, ta kafa nata reshen matasa, tsohuwar samariya ta koma gefe, ta tsaya ga biki da gona.

Abin da ya tashe ta shi ne juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Seyni Kunce ya karɓi ƙasa tana cikin yunwa, ya rushe jam'iyya, ya rushe majalisa, sai ya waiwaya ya ga ba shi da igiyar da za ta haɗa shi da talaka. Soja ba ya iya shiga kowace unguwa. Maimakon ya ƙirƙiro sabon abu da sunan Faransanci, sai ya ɗauko sunan da kowa ya sani tun daga kakanni. Daga 1975 aka shiga kafa samariya ƙauye-ƙauye, a birane kuma unguwa-unguwa, a ƙarƙashin ma'aikatar matasa. A shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar matan Nijar. A ganina dabarar ta fi ƙarfin a kira ta sa'a: mutumin da zai gudu in ya ji an ce "kwamiti" ba zai gudu daga gayya ba.

Gari irin Dogon Dutsi ya dace da wannan tsari, don unguwanninsa ba layuka ne kawai ba, zuri'a ce da tarihi. Kowace unguwa ta san dattawanta, ta san makaɗanta, ta san kuma unguwar da ba za ta yarda ta sha gabanta ba. Gasar nan ita ce man da ya tuƙa injin.

Ga yadda ranar aiki take. Tun daren jiya sanƙira ya zaga da mai ganga, ya faɗi wuri, ya faɗi abin da kowa zai riƙo. Da an sallame asuba sai a ji kalangu. Masu magirbi da shebur su nufi bakin tabki inda ƙasar ke da danƙo, masu amalanke su ɗauro jakuna, ƴan mata su jeru da tulu da bokiti. Wasu na tattaka laka da ƙafa, an zuba mata ƙaiƙayi, wasu na cika akwatin tubali suna kifewa, layi bayan layi, har filin ya koma kamar an shanya dawo. Maroƙi yana tsaye bisa tudu yana kiran sunan uban duk wanda ya ga ya sassauta, ya tuna masa kakansa bai taɓa zama ana aiki ba. Wajen hantsi sai ga fura daga gidajen masu hali, wani alhaji ya aiko da ƙwaryar goro. Kafin azahar an tashi. Ba a biya kowa ko dala ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Da irin wannan aka gina azuzuwa da ɗakunan shan magani, aka share kasuwa da maƙabarta, aka cike ramukan da ruwa ya ci a hanya. Tun da aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace a 1975, samariya ce ke haƙa ramuka, ita ke ban ruwa. Da dare kuma a koma gidan samariya, fili ne da aka kewaye da katanga, a yi koyon rawa da waƙa da wasan kwaikwayo.

Wannan ɓangaren na dare shi ya fi zama a zukatan mutane. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Jahar Doso ta samu nata gwarzon, Salma Ɗan Rani, wanda filin kokowar Doso ke ɗauke da sunansa har yau. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jahohi. Kafin ƙungiya ta kai can sai ta ci unguwannin garinsu, ta ci gunduma, ta ci jaha. Yarinyar da ba ta taɓa wuce kasuwar Juma'a ta Dutsi ba sai ga ta cikin babbar mota za ta wani gari da anko, an ji muryarta a rediyo. Wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a wannan zamanin ya yi tashe, kuma ɗaya daga cikin manyan sunayensa, Yazi Dogo, ɗan ƙasar Arewa ne, ko da yake a Damagaram ya yi suna.

Daga 1979 gwamnati ta fara shirin da ta kira tsarin raya ƙasa, wanda ya tsaya da ƙafafunsa a 1983. An ɗora shi bisa ginshiƙi biyu, samariya da ƙungiyoyin manoma na gama kai, aka jera majalisu tun daga ƙauye da unguwa, zuwa kanto, zuwa gunduma, zuwa jaha, har majalisar ƙasa a Yamai. Sarkin samari ya zama mai kujera. Shekara guda bayan haka fari ya dawo, ga Najeriya ta rufe iyaka a 1984, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari, shugaban Najeriya na lokacin. Arewa, da take rayuwa da cin rani da fataucin Kabi da Sakkwato, ta ji jiki. A lokacin ne gwamnati ta matsa a kan noman rani, aka tura jama'a bakin tabkuna da fadamun Dallol Mawri, inda ruwa ba ya da nisa. Samariya na cikin waɗanda suka yi shinge, suka haƙa rijiyoyin lambu.

Sai dai kujera tana da nata halin. Da muƙamin ya zama hanyar ganin sufurehe da rabon kayan agaji, sai manya suka shigo. Aka wayi gari sarkin samari mai furfura ne, ɗan kasuwa ko na hannun daman mai gari, samarin gaske kuma su ne masu ɗaukar shebur. Gayyar da a da ake kira don gonar gwauruwa ta koma ta share hanya saboda babban baƙo zai zo, a jera yara cikin rana tun safe suna tafi. Waƙoƙin dandali suka cika da yabon gwamnati da taken ƙasa. Zamani ne kuma da kowa ke duba bayansa kafin ya yi magana, kuma mutane sun san abin da aka faɗa a unguwa yana iya kwana a bariki. Ba kowane sarkin samari ne ya yi wannan aikin ba, amma zargin kaɗai ya isa ya sa dattijo ya rage murya in ya hango shi. Wanda ya ƙi fitowa aiki yanzu ba goro zai biya ba, ana iya kiransa gaban hukuma. Waɗanda suka ga zamanin aikin tilas ba su buƙaci a fassara musu ba.

Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987. Ali Shaibu ya gaje shi, a 1989 aka narkar da tsarin gaba ɗaya cikin jam'iyya guda, MNSD, samariya ta zama reshenta. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, duk abin da ke da warin tsohon mulki aka ture shi. Ba a tsaya tantance wane ɓangare ne na Kunce, wane ne na kakanni ba. Unguwar da ke fita aiki da ganga ɗaya ta rabu gida uku, gida huɗu, kowa da tutar jam'iyyarsa, in ɗan wannan ya kira shara ɗan waccan ba zai taɓa tsintsiya ba.

Cikin shekarun 1990 sai wani abu ya tsiro a bakin titi: fada. Samari goma ko ashirin, benci, tabarma, rediyo, butar shayi bisa gawayi, da sunan ƙungiya rubuce a jikin bango. Manya suka ce zaman kashe wando ne. Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta fitar da littafi sukutum a kan fada a 2019, kuma wanda ya zauna da su ya san ba shayi kaɗai ake dafawa ba. Suna da shugaba da ma'aji, suna tara kuɗi in ɗayansu zai yi aure ko ya kwanta ciwo, zamansu na dare kuma yana hana ɓarawo sakewa. Abin da ba su da shi shi ne ikon tara unguwa duka, kuma ba sa son wani babba ya zo ya tara su, sai fa lokacin zaɓe, in ɗan takara ya aiko da sukari da ganyen shayi.

Ɗaya ɓangaren gadon samariya kuma ya faɗa hannun kwamitoci. Tun shekarun 1990 garin Orsay na Faransa ke ƙawance da Dogon Dutsi, an yi aikin salanga da kwashe shara da jera duwatsu a gangaren tudu don rage ƙarfin ruwan da ke afka wa gari. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kawo magajin gari da kansiloli, a 2011 kuma aka yanke Tibiri, da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa, ta zama gunduma mai zaman kanta. Kowane aiki da kwamitinsa: na tsabta, na famfo, na iyayen yara, na lambu. Mata ne suka fi riƙe su, da asusunsu na mako-mako. Aiki yana ci, ba a musu. Amma yanzu in aka kira taro, tambayar farko ita ce ko akwai kuɗin zama.

Na taɓa jin wani dattijo yana yi wa ƴan fadar ƙofar gidansa gori, ranar da ruwan Agusta ya cinye rabin lungun. Ya ce, "Ku ƴaƴan nan, a zamaninmu da ganga ɗaya an gama wannan kafin hantsi." Ɗayansu ya miƙa masa kofin shayi da hannu biyu, ya ce, "Baba, ku an buga muku ganga ne. Mu wa zai buga mana?" Dattijon bai amsa ba, ya kurɓi shayinsa. Da la'asar na sake bi ta wurin, na tarar sun ari amalanke, suna cika tsofaffin buhunan siminti da yashi suna jerawa a bakin ramin, shi kuma yana zaune bisa bencinsu yana nuna musu inda ruwan ke fara ci.