Yafe kuɗin shigar da ƙara a kotunan tarayya na Amurka

Yafe kuɗin shigar da ƙara tsari ne da ke bai wa wanda ba shi da hali damar shigar da ƙara, ko kare kansa, ko ɗaukaka ƙara a kotu ba tare da ya fara biyan kuɗin da kotu ke karɓa ba. A harshen lauyoyi ana kiran tsarin da sunansa na Latin, in forma pauperis, wato "a matsayin matalauci". A kotunan tarayya na Amurka, sashe na 1915 na babi na 28 na Kundin Dokokin Amurka ne ya tanade shi. Tun shekarar 1993 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa ɗan Adam kaɗai ne ke iya cin moriyar wannan sashe. Kamfanoni da ƙungiyoyi ba sa ciki, kuma akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ta hana su tsayawa gaban kotun tarayya sai ta hannun lauya.

Tarihi

Tsarin ya samo asali ne daga Ingila. A shekarar 1495, zamanin Sarki Henry na Bakwai, an yi dokar da ta ce a ba talakawa takardun shigar da ƙara kyauta, a kuma naɗa musu lauyoyin da ba za su karɓi ko sisi ba. Majalisar dokokin Amurka ta yi tata dokar ta tarayya a 1892, kuma da farko 'yan ƙasa kaɗai ta shafa. A 1959 aka cire kalmar "ɗan ƙasa" aka sa "mutum", domin baƙin da ke zaune a Amurka su ma su samu shiga. Wannan canjin kalma ɗaya shi ne ya haifar da gardamar da ta kai Kotun Ƙoli bayan shekara talatin da ɗoriya.

Kuɗin da ake biya da yadda ake neman yafiya

Daga ranar 1 ga Disamba 2023, shigar da ƙarar da ba ta laifi ba a kotun tarayya ta matakin farko yana cin dala 405: dala 350 da doka ta ƙayyade, sai dala 55 na hidimar ofis. Ɗaukaka ƙara dala 605 ne, Kotun Ƙoli kuma tana karɓar dala 300. Ƙarar da tsararre ke shigarwa don ƙalubalantar halaccin tsare shi dala 5 ce kacal.

Mai neman yafiya yana cike takardar rantsuwa inda zai bayyana abin da yake samu, da kadarorinsa, da bashin da ke kansa, da mutanen da yake ciyarwa, ya kuma faɗi irin ƙarar da ya zo da ita. Dokar ba ta yanka wani adadi na kuɗin shiga da za a ce wanda ya haura shi ba talaka ba ne; an bar wa alƙali ya duba ya yanke. Ma'aunin da ake bi ya fito ne daga shari'ar Adkins da kamfanin DuPont ta 1948, inda Kotun Ƙoli ta ce ba sai mutum ya talauce ƙaƙaf ba. Ya isa a nuna cewa in ya biya kuɗin kotu ba zai iya ɗaukar nauyin buƙatun yau da kullum na kansa da iyalinsa ba.

In an amince, jami'an kotu ne ke kai wa wanda ake ƙara sammaci. Sai dai yafiyar ba ta haɗa da lauya ba. Kotu tana iya roƙon wani lauya ya tsaya wa mai ƙara, amma a shari'ar Mallard ta 1989 an yanke cewa sashen bai ba ta ikon tilasta masa ba. Haka kuma wanda aka yafe wa yana fuskantar tacewar da mai biya ba ya fuskanta tun daga farko: dole alƙali ya kori ƙarar a kowane lokaci in ya gano iƙirarin talaucin ƙarya ne, ko ƙarar ba ta da tushe, ko an shigar da ita don muzguna wa wani, ko tana neman diyya daga wanda doka ta ba kariya.

Fitaccen misali a tarihin tsarin shi ne na Clarence Earl Gideon, fursuna a jihar Florida, wanda ya rubuta kokensa da fensir ya aika Kotun Ƙoli ta wannan hanya. Hukuncin da ya biyo baya a 1963 ya wajabta wa jihohi samar da lauya ga talakan da ake tuhuma da babban laifi. Har yanzu mafi yawan koke-koken da ke isa Kotun Ƙoli kowace shekara na marasa biya ne, kuma ana ba su lambobi na daban da ke farawa daga 5001.

Ba kowane kuɗin kotu ne tsarin mulki ya wajabta a yafe ba. A shari'ar Boddie ta 1971 an ce jiha ba za ta hana talaka neman raba aure ba don ya kasa biya, tunda kotu ce kaɗai hanyar raba auren. Bayan shekara biyu, a shari'ar Kras, kotun ta ƙi faɗaɗa wannan hujja zuwa ga mai neman a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, duk da cewa dala 50 ce ta gagare shi.

Fursunoni

A 1996 majalisa ta yi dokar gyaran ƙararrakin fursunoni, wadda ta sauya ma'anar yafiya ga wanda ke gidan yari. Fursuna yana biyan dala 350 ɗin duka, amma kashi-kashi. Da farko ana cire kashi 20 cikin 100 na matsakaicin abin da ke shiga asusunsa na gidan yari a wata, ko na matsakaicin abin da ke zaune a asusun, duk wanda ya fi yawa cikin watanni shida da suka gabata. Daga nan kowane wata ana cire kashi 20 cikin 100 na abin da ya shigo masa muddin asusun ya haura dala 10. Wanda ba shi da komai ba a hana shi shigar da ƙara, bashin ne ke bin sa. Fursunan da aka kori ƙararrakinsa uku saboda rashin tushe ya rasa wannan dama, sai in yana cikin haɗarin samun mummunan rauni nan take.

Shari'ar Rowland

A gidan yarin da ake kira California Men's Colony, kusa da garin San Luis Obispo, akwai wata majalisar fursunoni da hukumar gidan yarin da kanta ta sa aka kafa domin ta riƙa kai wa shugaban gidan koke-koken mazauna. A 1989 majalisar ta shigar da ƙara a kan jami'an gidajen yarin jihar, saboda an daina raba wa fursunoni marasa hali taba kyauta kamar yadda aka saba. Ta nemi a yafe mata kuɗin shigar da ƙara, tana mai nuna cewa dokokin gidan yarin sun hana ta mallakar kuɗi nata na kanta. Kotun farko ta ƙi. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara ta amince, bisa hujjar cewa ƙungiya ma "mutum" ce a idon doka.

Hujjar ba ta banza ba ce. Sashe na farko na Kundin Dokokin Amurka, wanda ake kira dokar ƙamus, ya ce duk inda kalmar "mutum" ta fito a dokar tarayya ta haɗa da kamfanoni da ƙungiyoyi da haɗin gwiwar 'yan kasuwa, sai fa in yanayin maganar ya nuna akasin haka. Saboda haka shari'ar gaba ɗaya ta koma kan tambaya ta ma'ana: shin kalmomin da ke kewaye da "mutum" a sashe na 1915 suna nuna ɗan Adam ake nufi?

A ranar 12 ga Janairu 1993 Kotun Ƙoli ta ce haka ne, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Mai Shari'a David Souter, wanda ya rubuta hukuncin, ya kawo alamomi huɗu. Sashen ya ce kotu tana iya roƙon lauya ya tsaya wa wanda ba zai iya ɗaukar lauya ba, wato ya ɗauka cewa mai ƙarar zai iya tsaya wa kansa in ba a samu lauyan ba, alhali ƙungiya ba ta da wannan dama. Sashen yana maganar talauci, shi kuwa talauci hali ne na ɗan Adam mai ci da sha da sutura. Kamfani yana iya karyewa, amma ba ya kwana da yunwa. Sashen yana buƙatar rantsuwa, ƙungiya kuwa ba ta rantsuwa sai dai wani ya rantse a madadinta. Ta huɗu, dokar ba ta ce komai ba game da yadda za a auna rashin halin ƙungiya: asusunta za a duba, ko aljihun mambobinta, ko na masu hannun jari?

Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye, tare da goyon bayan Blackmun da Stevens da Kennedy. A ganinsu waɗannan alamomi ba su kai ƙarfin da za su kawar da ma'anar da majalisa ta ba kalmar da bakinta ba, kuma wahalar auna talaucin ƙungiya matsala ce ta aiki da alƙalai za su iya warwarewa. Cikin hujjojin huɗu, ta rantsuwa ce ta fi rauni, domin kamfanoni suna gabatar da takardun rantsuwa ta hannun jami'ansu a kotu kullum. Ta huɗun ce ta fi nauyi a aikace, tunda mai kuɗi yana iya kafa kamfanin da ba shi da ko kwabo a asusu ya tura shi kotu ya nemi yafiya.

Wajabcin lauya ga kamfanoni da ƙungiyoyi

Sashe na 1654 na babi na 28 ya ce masu shari'a a kotunan tarayya suna iya gudanar da shari'arsu da kansu ko ta hannun lauya. Kotuna sun fassara "da kansu" da cewa ɗan Adam ne kawai ke iya yin haka. Kamfani halitta ce ta doka, ba shi da baki, duk wanda ya tashi ya yi magana a madadinsa wakiltar wani yake yi, wakiltar wani a kotu kuwa aikin lauya mai lasisi ne. Ƙa'idar tsohuwa ce: Babban Joji John Marshall ya ambace ta a shari'ar Osborn da Bankin Amurka a 1824, hukuncin Rowland kuma ya sake jaddada ta ya ce ta shafi kowace irin ƙungiya, mai rajista da marar rajista.

Ƙa'idar tana aiki ko da mutum ɗaya ne ya mallaki kamfanin baki ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyu ta yanke haka a shari'ar Lattanzio a 2007, ta shiyya ta bakwai kuma ta bi sahu a shari'ar Hagerman a 2008. Dalilin da suka bayar shi ne, wanda ya zaɓi ya raba dukiyarsa da ta kamfaninsa don kada masu bin kamfanin bashi su taɓa gidansa, dole ya karɓi nauyin da ke tafe da wannan rabuwa. Ɗan kasuwar da ke sana'a da sunansa ba tare da ya kafa kamfani ba yana iya tsaya wa kansa, domin shi da sana'ar abu ɗaya ne a doka. Dabarar miƙa wa mai kamfani haƙƙin ƙarar don ya shigar da ita da sunansa ma kotuna sun saba ƙin yarda da ita.

In kamfani ya shigar da ƙara babu lauya, alƙali yakan ba shi wa'adi ya nemo, in wa'adin ya wuce a kori ƙarar. In shi ake ƙara kuma ya kasa kawo lauya, ana iya yanke hukunci a kansa tamkar bai halarta ba, ko da shugabansa yana zaune a cikin kotun.

Idan aka haɗa ƙa'idojin biyu, ƙaramar ƙungiya marar kuɗi, kamar ta masu haya a gida ɗaya ko ta 'yan unguwa, tana fuskantar shinge biyu: dole ta biya dala 405, dole kuma ta samo lauya, wanda kuɗinsa ya ninka na shigar da ƙara nesa ba kusa ba. Hanyoyin da suka rage mata su ne ta samu lauyan da zai yi aikin kyauta, ko mambobinta su shigar da ƙarar da sunayensu ɗaya-ɗaya in abin ya taɓa kowannensu kai tsaye, kowa ya nemi yafiya da kansa. Hanya ta biyu ba ta aiki in haƙƙin na ƙungiyar ne ita kanta, misali kwangilar da aka sa wa hannu da sunanta.

Kotunan jihohi da wasu ƙasashe

Hukuncin Rowland fassarar dokar tarayya ce, don haka bai ɗaure kotunan jihohi ba, kowace jiha tana da nata tsarin yafiya. Yawancinsu suna bin ƙa'idar wajabcin lauya ga kamfanoni, amma suna sassautawa a kotunan ƙananan ƙararraki. A California, alal misali, galibi ba a barin lauyoyi su wakilci kowa a irin wannan kotu, don haka ma'aikaci ko jami'in kamfani ne ke tsayawa.

A Ingila da Wales, ƙa'idojin shari'ar da ba ta laifi ba sun yarda ma'aikacin kamfani ya wakilce shi a zaman shari'a in kamfanin ya ba shi izini kuma kotu ta amince. Najeriya ta gaji kalmar in forma pauperis daga dokar Ingila, kuma tana cikin ƙa'idojin gudanar da shari'a na manyan kotuna. Samar da lauya ga marasa hali kuwa aikin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ne, wadda aka kafa a 1976 kuma take aiki a ƙarƙashin dokar 2011.